Agogon kwamfutata yana komawa 2012 kullum da safe, na laftof kuma ya yi gaba da awa ɗaya

Mai Kafe, Bauchi Road

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman taimakon masana a kan matsalar agogo a kwamfutoci biyu na shagona da ke nan Jos, inda muke buga takardu da cike wa ɗalibai fom.

Ta farko kwamfutar tebur ce 'yar gwanjo, Windows 10 ne a kanta. Kowane dare muna kashe ta mu zare filogi daga soket saboda gudun wuta mai ƙarfi. Da safe idan an kunna sai ta tsaya a baƙin allo da wani rubutu, sai an danna F1 sannan ta wuce. Tana shiga sai a ga kwanan wata ya koma 1 ga Janairu 2012, ƙarfe 12 na dare. Idan na gyara da hannu tana tafiya daidai har yamma, ko da na kashe na sake kunnawa. Amma da zarar an ɗauke wuta, kafin a tada janareta ta koma gidan jiya. Muddin tana a 2012 ɗin nan Chrome ba ya buɗe ko wane shafi, sai ya rubuta "Your clock is behind". Na danna Sync now, ya ƙi.

Ta biyu laftof ce. Kwanan watanta daidai, mintocinta daidai, amma tun wajen ƙarshen Maris ta yi gaba da awa ɗaya cif. In na mayar da ita baya da hannu, bayan ta hau intanet sai ta sake komawa gaba.

Wani ya ce mini birus ne, a goge komai a zuba sabon Windows. Akwai ayyukan mutane da yawa a ciki, shi ya sa nake so in ji ta bakinku tukuna.

Mai Gyara, Terminus

Wa alaikumus salam Malam. Kada ka bari a goge maka komai, Windows ɗinka lafiyarsa ƙalau. Matsala biyu ce daban-daban, kuma yadda kowane agogo ya kauce shi ke nuna inda ciwon yake. Wanda ya koma shekaru baya bayan yankewar wuta, batir ne. Wanda ya kauce da cikakkiyar awa alhali mintocinsa daidai, saitin yankin lokaci ne. Ni zan yi magana a kan ta tebur ɗin, don aikin hannu ne.

A kan babban bod na kowace kwamfuta, wato allon ciki da dukkan kayanta ke haɗe a kansa, akwai ɗan agogo da ke ci gaba da ƙirga ko an kashe ta. Wani ɗan ƙaramin kiristal ne ke tafiyar da shi, yana kaɗawa sau 32,768 a kowace daƙiƙa. Windows daga wurinsa yake karanta lokaci duk sanda aka kunna. Abin da ke riƙe da wannan agogo idan babu wuta shi ne batir mai siffar kwabo, CR2032, faɗinsa milimita 20, kaurinsa milimita 3.2, ƙarfinsa volt 3. Muddin filogi yana cikin soket kuma akwai wuta, akwatin wutar kwamfutar ne ke ciyar da agogon ko da tana kashe, batir yana hutawa. Shi ya sa take riƙe lokaci da rana, ta zubar da shi da dare ko idan an ɗauke wuta. Littattafan bod na Intel sun ƙiyasta wa batir ɗin shekara uku idan kwamfuta ba ta jone da wuta, ya fi haka idan tana jone. To ka duba 'yar gwanjo: ta yi aiki shekaru a can, ta zauna a sito, ta yi tafiyar jirgin ruwa, ta zauna a shago, duk a kan batir ɗaya. Galibi da ɗan sauran numfashi yake isowa hannunmu. Kuma ba cewa nake ka daina zare filogi ba. Ci gaba da zarewa, batir ya fi bod arha nesa ba kusa ba.

Kafin ka sayi komai ka tabbatar. Kunna ta ka shiga BIOS, wato shafin saitin bod ɗin, tun kafin Windows ya fara tashi. A HP F10 ake dannawa, a Dell F2, a Lenovo galibi F1, a bod ɗin haɗi irin su ASUS da Gigabyte da MSI kuma Delete. Saita kwanan wata da lokaci a can, ka adana, ka kashe, ka zare filogi, ka danne makunnin kwamfutar na daƙiƙa 15 don sauran wutar da ke cikin bod ta zube. Bar ta minti goma. Mayar da filogi ka sake shiga BIOS kai tsaye, kada ka shiga Windows. In lokacin ya koma 2012, ko ya tsaya cak a mintin da ka kashe ta, magana ta ƙare. Ka kuma karanta rubutun baƙin allon nan da kake wucewa da F1. Za ka ga wani abu irin "CMOS checksum error", ko "CMOS battery failure", ko "Time-of-day not set", ko "Real-Time Clock Power Loss". Duk abu ɗaya suke faɗa.

Wajen canzawa: zare filogi, danne makunni, buɗe murfin gefe, taɓa ƙarfen akwatin da hannunka kafin ka taɓa bod. Wannan taɓa ƙarfen ba wasa ba ne, musamman da hunturu lokacin da iska ta bushe har riga tana tartsatsi. Batir ɗin yana kwance a cikin ɗan gidansa baƙi, da ɗan ƙarfe a gefe da ya maƙale shi. Tura ɗan ƙarfen baya da farce ko tsinken roba, batir zai ɗago da kansa. Kada ka sa sukudireba ka ɓamɓaro shi da ƙarfi, gidan yana tsinkewa daga bod, daga nan kuma aiki ya zama na soda. A wasu kwamfutocin a tsaye yake, a wasu yana ɓoye a ƙarƙashin katin hoto ko mazaunin hadis (hard disk, ma'ajiyar fayiloli), sai an cire su. Sabon ya shiga fuskar da ke da rubutu da alamar + tana kallonka. Riƙe shi ta gefe-gefe, kada gumin yatsa ya hau fuskokinsa.

Idan kana da mitar auna volt ka auna batir ɗin. Sabo mai kyau yana nuna 3.2 zuwa 3.3. Wanda ya sauka ƙasa da 2.8 a canza shi, ko da har yanzu yana ɗan riƙe lokaci. Ka sayi wanda ke cikin takardarsa a rufe da ranar ƙarewa a jiki, irin su Panasonic, Maxell, Murata, Energizer. Masu gyaran agogo da masu kayan waya a nan Terminus da Ahmadu Bello Way suna da shi, shi ne dai wanda ake sa wa rimot ɗin makullin mota da yawa. Kada a ba ka CR2025 a ce duk ɗaya ne. Faɗinsu ɗaya, amma shi kaurinsa 2.5 ne, yana rawa a cikin gidan kuma ba ya daɗewa. LIR2032 kuma na caji ne mai volt 3.6, ba na nan ba ne.

Bayan ka sa, shiga BIOS ka saita lokaci ka adana kafin ka fita. Ga wanda zai canza batir a kwamfutar da ba ta riga ta fara mantuwa ba, ya ɗauki hoton shafukan BIOS da waya tukuna, musamman saitin SATA na yadda bod ke haɗuwa da hadis, ko AHCI ne ko IDE ko RAID, da jerin abin da take tashi da shi. In saitin SATA ya sauya Windows yana iya ƙin tashi ya nuna shuɗin allo mai INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, mutum ya zaci hadis ne ya mutu. Kai wannan bai shafe ka ba, tunda taka kullum tana komawa saitin asali kuma tana shiga Windows lafiya.

Malama Mai Netwok, Rayfield

Malam Mai Gyara ya gama magana a kan batir. Bari in ɗauki laftof ɗin da kuma Sync now da ya ƙi.

Lokacin da ke zuwa daga intanet lokacin duniya ne, UTC. Kwamfuta ce ke ƙara masa ko rage masa awoyi bisa yankin da aka gaya mata tana ciki. Najeriya tana UTC+1 duk shekara, ba ma matsar da agogo gaba ko baya. Ƙasashen Turai irin su Jamus da Faransa da Beljiyam su ma suna UTC+1 da sanyinsu, amma ranar Lahadin ƙarshe ta Maris suna tura agogo gaba da awa ɗaya, sai Lahadin ƙarshe ta Oktoba su dawo da shi. Ka ce ƙarshen Maris abin ya fara, kuma awa ɗaya ce cif a gaba. Kusan tabbas laftof ɗinka tana kan yankin Berlin ko Paris, ta yi daidai da mu tun daga Oktoba shi ya sa ba ka lura ba. Gyaran da kake yi da hannu ba zai zauna ba, don a lissafinta kai ne ka ɓata agogon, ita kuma tana gyarawa.

Danna makullin Windows tare da R, rubuta timedate.cpl, danna Change time zone, ka zaɓi wanda aka rubuta UTC+01:00 West Central Africa. Akwai UTC+01:00 da dama a jerin, wannan kaɗai ne namu. Za ka gane ka zaɓi daidai idan akwatin daylight saving, wato na tura agogo gaba irin na Turai, ya ɓace. Mai son yi ta Command Prompt ya rubuta tzutil /g ya ga yankin da take kai, sannan ya rubuta:

tzutil /s "W. Central Africa Standard Time"

Sai ka shiga Settings, Time & language, Date & time. Bar Set time automatically a kunne, ka kashe Set time zone automatically. Na biyun yana ƙiyasin inda kake ne ta hanyar netwok, kuma da modem ko VPN yana iya kai ka wata ƙasa. Kwamfutar da ba ta fita Najeriya ba ta buƙatarsa.

Ga masu karantawa da tazararsu ta bambanta: idan agogo yana baya da awa 8 ko 9, yankin Pacific na Amurka ne, wanda Windows da yawa ke zuwa da shi idan mai zubawa ya yi ta danna Next bai duba ba. Baya da awa 5 ko 6, gabashin Amurka. Baya da awa ɗaya daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris kawai, Landan. Gaba da awa 3 Dubai, gaba da awa 7 Sin. Abin da ke damuna shi ne masu barin yankin a karkace su juya agogo da hannu har ya yi daidai a ido. A ido ne kawai ya yi daidai. A ciki lokacin duniya na kwamfutar ya kauce da waɗannan awoyin, saƙonnin imel su riƙa fita da lokacin da ba shi ba, kuma manhajar da ke ba da lambar sirri mai sauyawa duk daƙiƙa 30 ta riƙa ba da lambar da ba a karɓa.

Dalilin da Chrome ke ƙin buɗe shafi kuwa, kowane shafi mai https yana da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, wasu ma kwana 90 kacal suke yi. Kwamfutar da ke ganin tana 2012 za ta ɗauka duk takardun ba su fara aiki ba tukuna, sai ta ƙi amincewa da su. Haka Windows Update da sabunta rigakafin birus suke tsayawa.

Sync now ya ƙi ne saboda ƙa'idar da Windows ke da ita: a kwamfutar da ba ta cikin domain, wato netwok ɗin ofis da ake sarrafawa daga wuri ɗaya, ba ya yarda ya yi gyaran da ya wuce daƙiƙa 54,000, wato awa 15, da kansa. Tazarar shekaru ta fi ƙarfinsa. Sai ka kawo kwanan wata da awa kusa da daidai da hannu, sannan ka danna Sync now ya ƙarasa mintoci da daƙiƙu. In duk da haka ya ƙi, buɗe Command Prompt ta Run as administrator ka shigar da waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

net stop w32time
w32tm /unregister
w32tm /register
net start w32time
w32tm /config /manualpeerlist:"time.windows.com,0x8 pool.ntp.org,0x8" /syncfromflags:manual /update
w32tm /resync

Na biyu da na uku suna goge saitin sabis ɗin lokaci su mayar da shi sabo, don haka wanda kwamfutarsa ta ofis ce mai domain kada ya yi su, ya kira mai kula da netwok ɗinsu. Daga ƙarshe rubuta w32tm /query /status ka duba layin Source. In ka ga sunan saba, wato kwamfutar intanet da ke ba da lokaci, ya kama. In ka ga "Local CMOS Clock", har yanzu da agogon bod kaɗai yake aiki. Don ka ga ko amsa tana zuwa daga waje, gwada wannan ka kawo mana abin da ya fito:

w32tm /stripchart /computer:time.windows.com /samples:5 /dataonly

Mai Kafe, Bauchi Road

Allah ya saka da alheri, Injiniya Mai Gyara da Malama. Laftof ta warke. Yankin da na tarar shi ne mai Amsterdam, Berlin, Bern, Rome, na mayar da shi West Central Africa kuma bai sake motsi ba.

Ta tebur ce dai har yanzu. Na yi gwajin BIOS, lokaci ya koma 2012 kamar yadda Injiniya ya ce. Tsohon batir ya nuna 0.9 a mita. Na sa sabo wanda ya nuna 3.2, na saita, amma da gari ya waye sai ga baƙin allo da F1 kamar ba a yi komai ba. Umarnin Malama na ƙarshe kuma duk layukan biyar sun rubuta error: 0x800705B4. Ko bod ɗin ne ya tafi?

Mai Gyara, Terminus

A'a Malam, kada ka yanke wa bod hukunci tukuna. Batir mai 0.9 ya daɗe da mutuwa, canza shi wajibi ne, yanzu sai a gano abin da ya hana wutar sabon isa inda ake so. Bi su daga mai sauƙi.

Na farko, a ina ka saita lokacin? In a Windows kaɗai ka gyara, wasu bod ɗin suna ci gaba da kuka da F1 har sai an shiga BIOS an adana an fita ta Save and Exit. Shiga, zaɓi Load Defaults, saita lokaci, adana.

Na biyu, kuma a nan na fi zargi, gidan batir ɗin. Ciro shi ka haska tocila. Akwai ɗan harshen ƙarfe a ƙasa da ke taɓa bayan batir, da maƙalin gefe da ke taɓa fuskar +. Batir da ya shekara a mace yakan bar fari-fari ko kore-kore a kansu, ga ƙurar hunturu da ta taru, damina ta zo danshi ya dama ta. Jiƙa auduga da sifirit ka goge su har su yi ƙyalli, ka bari su bushe sarai. In harshen ƙasa ya kwanta, ɗago shi kaɗan da tsinke, kamar milimita ɗaya, yadda batir zai shiga da ɗan tauri ka ji ƙas. Duba bayan sabon batir ɗin ma, wasu suna zuwa da sitika a manne, wasu kuma an shafa musu abu mai ɗaci don kada yara su haɗiye, shi ma yakan hana haɗuwa mai kyau, goge shi da sifirit ɗin.

Sannan ka auna shi a zaune a gidansa, filogi a zare. Baƙar wayar mita a kan ƙarfen akwatin ko kan sukurun da ya ɗaure bod, jar waya a kan maƙalin gefe, ba a kan batir ɗin kansa ba. Ya kamata ka ga kusan 3. In batir a hannu yana ba da 3.2 amma a nan babu komai ko lambar tana rawa, haɗuwa ce babu. In a hannu 3.2 ne amma da ya shiga gida ya faɗi zuwa 2 da wani abu, ko dai jabu ne mai nuna ƙarfi a mita ba ya iya ɗaukar kaya, ko bod ɗin yana zuƙe shi. Gwada wani batir daga wani shago daban zai raba gardama.

Na uku, jampa. Kusa da batir a bod da yawa akwai filoli biyu ko uku da aka rubuta musu CLR_CMOS ko CLRTC ko JBAT1. A masu uku hular roba tana zama a kan 1 da 2, ana matsar da ita zuwa 2 da 3 ne na ɗan lokaci don goge saiti. A masu biyu kuma babu hula a kai sam. In wani ya taɓa gyara ya manta ta a wurin gogewa, wasu bod ɗin ba sa ma tashi, wasu suna tashi amma ba sa riƙe komai. Duba rubutun da ke jikin bod ɗin kafin ka matsar da wani abu, don a wasu kwamfutocin ofis jampar da ke wurin ta kalmar sirri ce, ba ta agogo ba.

In duk waɗannan sun yi daidai, sannan ne za a duba bod. Agogon nan abin da yake sha 'yan microamp ne, shi ya sa batir ke shekaru. Sabon batir da ya sauka ƙasa da 2.8 cikin mako ɗaya ko biyu yana nufin akwai yoyo, galibi a ɗan diyod mai ƙafa uku da ke zaɓar tsakanin wutar soket da ta batir, ko ɗan kafasita da ke kusa da shi. Idan kuma ka tsaya a shafin BIOS ka ga daƙiƙu ba sa motsi, ko suna tsalle, kiristal ɗin ne. Duka biyun ana canza su a wurin mai gyaran bod da ke da abin hura iska mai zafi, kayan ba su da tsada, hannu mai kyau suke so.

Malama Mai Netwok, Rayfield

0x800705B4 yana nufin an aika tambaya amsa ba ta dawo ba. Daidaita lokaci yana bi ta UDP, ƙofa ta 123, kuma wani abu ya tare ta ko sabar ba ta amsa ba. Canza sunan sabar a umarnin zuwa pool.ntp.org, ko time.google.com, ko time.cloudflare.com. In ɗaya ta amsa, sa ita a layin manualpeerlist. In duk sun ƙi, haɗa kwamfutar da hotspot na wayarka ka sake gwadawa. Ta yi a waya, matsalar tana rauta ko modem ɗin shago. Ta ƙi a nan ma, duba rigakafin birus mai katangar tsaro (firewall) a cikinsa, ka kashe katangar na minti ɗaya ka gwada.

Wani abu kuma: a kwamfutar da ba ta domain sabis ɗin Windows Time yakan tashi ya yi aikinsa ya tsaya. Don ya riƙa tashi duk sanda aka samu netwok, rubuta:

sc triggerinfo w32time start/networkon stop/networkoff

Agogon bod ko lafiyarsa ƙalau yana kaucewa kamar daƙiƙa ɗaya zuwa biyu a rana, kusan minti guda a wata, sanyin Jos na Disamba da Janairu kuma yana ɗan ƙara masa nawa. Wannan ba lalacewa ba ce, aikin daidaitawar intanet ke nan. Amma wanda yake rasa minti biyar ko goma a rana ya koma wajen Malam Mai Gyara.

Ɗalibin Kwamfuta, Farin Gada

Iyayena sun yi bayani, ina da ƙari uku ga masu irin matsalar da ba ta shiga waɗannan ba.

Wanda ya haɗa Windows da Linux, wani tsarin tafiyar da kwamfuta daban, a kwamfuta ɗaya zai ga duk sanda ya fito daga Linux ya shiga Windows agogo ya koma baya da awa ɗaya. Linux yana ajiye UTC a agogon bod, Windows kuma yana karanta shi a matsayin lokacin gida, tazararmu da UTC kuwa awa ɗaya ce. A gefe ɗaya ake gyarawa, ba duka biyu ba. A Linux: timedatectl set-local-rtc 1 --adjust-system-clock, yankin kuma Africa/Lagos. Ko a Windows a buɗe regedit, a je HKEY_LOCAL_MACHINE\SYSTEM\CurrentControlSet\Control\TimeZoneInformation, a ƙirƙiri DWORD mai suna RealTimeIsUniversal a ba shi 1. Ni na fi ganin na biyun, don Linux da kansa yana gargaɗi a kan na farkon.

Batir ɗin agogo na laftof ba kamar na tebur ba ne. Galibi a naɗe yake cikin roba baƙa ko rawaya, da wayoyi biyu ja da baƙa da ɗan filogi. A sayi irinsa da wayarsa, a duba filogin ya yi daidai kuma ja da baƙa ba su juya ba. Kada a ɗora ƙarfen soda kai tsaye a kan batir ɗin, lithium ne, zafi yana iya fasa shi. Wasu laftof na caji suke amfani da shi, irin ML1220, kuma ba a sa musu CR a madadinsa tunda bod ɗin zai yi ta tura masa caji. Wasu sababbin ma ba su da shi sam, babban batir ne ke riƙe agogo, in ya mutu ko ya ƙare tas lokaci ya tafi. A cire filogin babban batir kafin a taɓa komai a ciki.

Na ukun ya shafi kafe kai tsaye, Yaya Mai Kafe. In agogo yana sauyawa da rana tsaka kwamfuta tana kunne, ba batir ba ne, wani ne ko wata manhaja ke juya shi. Buɗe eventvwr, rajistar abubuwan da suka faru a kwamfutar, ka shiga Windows Logs, System, ka nemi Kernel-General mai lamba 1. Zai nuna tsohon lokaci da sabon da aka koma. A Security kuma lamba 4616 tana nuna asusun da ya yi canjin. Kwastoma su riƙa zama a Standard account, don shi ba ya iya canza agogo sai da kalmar sirrin Administrator, ko da yake yana iya canza yankin lokaci. In kuwa rajistar ta nuna sabis ɗin lokaci ne da kansa ke tsallaka kwanaki ko watanni, akwai wani tsari a Windows 10 da 11 da ke ƙiyasin lokaci daga haɗin SSL, wato irin na shafukan https, yakan yi kuskure. Ana kashe shi a Services\W32Time\Config cikin CurrentControlSet ɗin nan na regedit, a mayar da UtilizeSslTimeData zuwa 0, a sake kunna kwamfuta.

Mai Kafe, Bauchi Road

Alhamdu lillahi. Gidan batir ne, Injiniya. Harshen ƙasa ya kwanta kuma ya yi kore, a kan maƙali mita ba ta nuna komai. Na goge na ɗago shi, yanzu 3.1 take nunawa, kuma ta kwana ba filogi ta tashi da lokacinta daidai, babu F1. Sabar Google ta amsa, Malama. Sauran kwamfutocin tebur uku na shagon tare aka sayo su da wannan. In canza nasu yanzu ko in jira su fara?

Mai Gyara, Terminus

Madalla. Auna su a zaune kamar yadda ka yi wa wannan, duk wanda ya gaza 2.8 ka canza, tunda tafiyarsu ɗaya ba za su yi nisa da juna ba. Su ne za ka ɗauki hoton BIOS ɗinsu kafin ka ciro batir, kuma in akwai wadda aka kulle hadis ɗinta da BitLocker ka nemo lambar buɗewarta mai lambobi 48 ka rubuta a takarda tukuna, don tana iya tambaya bayan saiti ya sauya. Manna ɗan salatif a cikin murfi ka rubuta wata da shekarar da ka canza.

Tsofaffin batiran kada ka bar su a kan tebur ko cikin durowar da yara ke buɗewa. Naɗe kowanne da salatif. Ko wanda ya daina riƙe agogo yana da sauran wutar da za ta ƙona maƙogwaron yaro cikin awa biyu in ya haɗiye, kuma in hakan ta faru asibiti ake nufa nan take, ba a jira a ga alama, ba a sa shi amai.